Fentin Ɗakunan Gida a Sakkwato: Abubuwan da Ya Kamata a Sani Kafin a Buɗe Bokiti

Duk lokacin da Sallah ta ƙarato, ko aka sa ranar biki, ko ma'aikaci ya karɓi wasu kuɗin da ya daɗe yana jira, fentin gida na daga cikin abubuwan da magidanci ke fara tunawa. A sayo bokitai, a kira mai fenti, a kwashe kaya zuwa tsakar gida, cikin kwana biyu ɗaki ya fito fes. Sai dai magidanta da dama a birnin Sakkwato sun san abin da kan biyo baya. Damina ɗaya tak, ƙasan bango ya fara kumbura, fenti ya riƙa ɓamɓarewa yana zuba a kan kafet, ko kuma baƙo ya jingina da farar riga ya tashi da launin bango a gadon bayansa.

Idan haka ta faru, akan ɗora laifin a kan kamfanin fenti ko a kan mai aikin, kuma wani lokaci zargin na da tushe. Amma mafi yawan fentin da ke lalacewa da wuri, bangon ne bai shirya karɓarsa ba, ko kuma an yi aikin a lokacin da bai dace ba. Kaurin fenti bayan ya bushe bai wuce na takardar rubutu ba. Ba ya tare ruwan da ke tasowa daga cikin bango, ba ya ɗinke tsaga, kuma ba ya kama bangon da ƙura ta lulluɓe. Saboda haka mafi yawan abin da zai sa fenti ya daɗe ana yin sa ne tun kafin a tsoma buroshi a bokiti.

Lokacin da ya fi dacewa

Yanayin Sakkwato na da tsanani ta kowane ɓangare, kuma kowane lokaci na shekara da irin matsalar da yake kawo wa fenti.

A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Selshiyos, alhali yawancin kamfanonin fenti na ba da shawarar a yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. Idan bango ya ɗauki zafi, fenti kan bushe tun kafin ya kama shi da kyau, sai sawun rola ya fito layi-layi. Wanda dole ta sa shi yin fenti a wannan lokaci, ya fara da sassafe bayan sallar Asuba, ya dakata kafin Azahar. Ya kuma fara da bangon da ke fuskantar yamma, domin shi ne ke gasuwa daga waje idan rana ta karkata.

A damina, daga Yuni zuwa Satumba, musamman a watan Agusta, bango na riƙe da laima, fenti kuma ba ya bushewa da wuri. Amma damina na da nata amfanin, domin ita ce ke tona asirin gida. A lokacin ne ake ganin inda rufi ke yoyo, da inda ruwa ke shigowa ta gefen taga, da bangon da ke shan ruwa daga ƙasa. A zagaye duk wuraren da alli ko fensir, a ajiye aikin fenti sai ruwa ya ɗauke.

A hunturu, musamman Disamba da Janairu, iska a bushe take, fenti na bushewa da sauri, amma ƙura na manne wa ɗanyen fenti, ta fi kuma ɓata fentin mai wanda ke daɗewa bai bushe ba. Idan za a yi aiki a lokacin, a rufe tagogin da ke fuskantar gabas da arewa, inda iskar ke fitowa, a buɗe na ɗaya ɓangaren, a kuma yayyafa ruwa a tsakar gida.

Lokacin da ya fi sauƙi shi ne kaka, daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, bango ya samu makonni ya bushe, ƙura ba ta yi ƙarfi ba tukuna. Mai son gidansa ya yi kyau da Sallah ko biki kuwa, ya tuna ba a fafe gora ranar tafiya. Mako biyun ƙarshe kafin Sallah aiki kan yi wa masu fenti yawa, mutum ɗaya ya riƙe gida uku, kowanne ana jiransa. A fara aƙalla wata ɗaya kafin ranar.

A fara binciken bango

Da can, gidajen Sakkwato na ƙasa ne, ana yi musu yaɓe, a shafe ciki da farar ƙasa, wani lokaci a ɗan sa bula don ta ƙara haske, a kuma yi amfani da makuba wajen ƙarfafa daɓe da bango. Tun bayan da kamfanin siminti na Kalambaina, wanda aka kafa a 1962, ya fara aiki a 1967, ginin bulo da filasta ya yi ta yaɗuwa har ya zama shi ne ginin unguwanni irin su Mabera da Arkilla da Gawon Nama da Runjin Sambo. Kowane irin bango da abin da yake buƙata.

Sabuwar filasta tana buƙatar aƙalla mako huɗu kafin fenti ya taɓa ta. A cikin wannan lokaci ruwan da ke cikin siminti na fita, kaifin sinadarinsa kuma na raguwa. Idan aka yi gaggawa, launi kan dusashe wuri-wuri, fenti ya yi ƙuraje. A makon farko ma filasta ruwa take so, a riƙa ba ta safe da yamma, musamman a bazara, don kada ta yi ta tsattsagewa.

Tsohon bango kuwa, akwai gwaje-gwaje huɗu masu sauƙi da magidanci zai iya yi da kansa.

Na farko, a shafa tafin hannu a bango. Idan hannu ya fito da gari, tsohon fentin ya mutu, ko kuma farar ƙasa ce a wurin. Sabon fenti ba zai zauna a kai ba sai an kankare an goge.

Na biyu, a manna salatif mai ƙarfi a bango, a danne shi, a fizge. Idan ya taho da fenti, wurin na buƙatar kankara har sai an isa inda ke da ƙarfi.

Na uku, gwajin laima. A yanko leda mai faɗin kamar kamu ɗaya ta kowane gefe, a manna ta a ƙasan bango, a rufe gefunanta huɗu da salatif, a bar ta kwana ɗaya ko biyu. Idan aka cire aka ga raɓa a fuskar da ke kallon bango, ko wurin ya yi duhu, to ruwa na cikin bangon.

Na huɗu, a jiƙa auduga da sifirit a goga a wani lungu. Idan launi ya biyo audugar, fentin ruwa ne a wurin. Idan bai biyo ba, fentin mai ne. Sanin wannan na da muhimmanci, domin fentin ruwa ba ya kama fentin mai mai santsi sai an goge sheƙinsa da samfefa an yi masa fentin shimfiɗa.

Laima ita ce babbar mai cin kuɗin magidanci. Tana zuwa ne ta rufin da ke yoyo, ko famfon da ya fashe a cikin bango, ko banɗakin da ke bayan ɗaki, ko kwatar da ke bin gindin gini, ko kuma daga ƙasa, a gidajen da ba a shimfiɗa wa tushe ledar tare ruwa ba. Gidajen da ke gangare wajen fadamar Kogin Rima sun fi fuskantar wannan na ƙarshe. Alamarta ita ce wani farin gari mai kama da kanwa da ke fitowa a ƙasan bango, galibi bai wuce tsayin ƙugu ba. A goge garin da busasshen buroshi, kada a wanke da ruwa, domin ruwa na mayar da shi cikin bango ne ya sake fitowa. Sannan a nemo inda ruwan ke shigowa a gyara. Wanda ya shafe irin wannan bango da fentin mai don ya rufe shi, ya kulle ruwan ne a ciki, kuma zai nemi hanya ta sama ko ta ɗakin da ke maƙwabtaka.

Ƙananan tsage-tsage masu kama da gashi, fila ta wadatar. Amma tsagar da tsinken ashana zai shiga, ko wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko wadda ke sake buɗewa duk lokacin da aka cike ta, maganar tushen gini ce. A kira injiniya ko ƙwararren magini ya duba kafin a kashe ko sisi a kan fenti.

Gidajen ƙasa da suka rage a tsoffin unguwannin cikin gari, farar ƙasa ta fi dacewa da su, domin tana barin bango ya sha iska ya fitar da laima. Fentin mai a kan ginin ƙasa ba ya daɗewa, kuma idan ya tashi ɓamɓarewa yakan taho da yaɓe.

Ire-iren fenti da inda kowanne ya dace

Fentin ruwa mara sheƙi, wanda ake kira emalshan, shi ne aka fi amfani da shi. Ana sirka shi da ruwa, warinsa kaɗan ne, yana bushewa da sauri, yana kuma ɓoye ƙananan aibobin bango. Rauninsa shi ne ba ya jure yawan goga. Ya dace da silin da ɗakin kwanan manya.

Fentin ruwa mai ɗan sheƙi, wanda ake sayarwa da sunan satin ko silik, ya fi tsada amma ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Shi ya fi dacewa da falo da ɗakin yara da hanyar shiga ɗakuna. A gidajenmu da ake zama a kan kafet a jingina da bango, man kai da gumin baya kan bar tabo a layi ɗaya, kuma wannan fenti ne ke ba da damar a goge tabon. Sai dai sheƙinsa na fito da duk wani tudu da kwari, don haka yana son bangon da aka yi wa sikirdin ya yi sumul.

Fentin mai, mai ƙyalli, na ƙofofi ne da tagogi da ƙarafan tsaro da katako. Ana kuma shafa shi a rabin bango na ƙasa, kamar yadda ake gani a makarantu da asibitoci, dabarar da har yanzu tana da amfani a zaure da kicin. Da tina ko abin da kamfanin ya ambata ake sirka shi, warinsa na da ƙarfi, kuma farinsa kan rikiɗe zuwa rawaya a ɗakin da haske bai shiga sosai.

Fenti mai gurza-gurza, wato teskot, na wajen gida ne. A cikin ɗaki, a gari mai ƙura irin Sakkwato, kowane ƙurji nasa mazaunin ƙura ne, ba ya goguwa, yana kuma kurje gwiwar hannun yara.

Sai fentin shimfiɗa, wanda ake fara shafawa a sabuwar filasta ko katako ko ƙarfe. Shi ne mutane suka fi tsallakewa don rage kuɗi, alhali shi ke hana bango shanye fenti mai tsada, shi ke kuma riƙe shi. A sabon siminti a nemi mai jure kaifin siminti. A ƙarfe a nemi jan fentin nan mai hana tsatsa.

Zaɓen launi

Katin launi na shago yakan yaudari ido. Launin da ya yi sanyi a ɗan guntun kati yakan yi ƙarfi idan ya cika bango huɗu, kuma fenti na sauya kama bayan ya bushe. A sayi ɗan kaɗan, a shafa a bango biyu na ɗakin, a duba shi da safe, da rana, da kuma dare a ƙarƙashin ƙwan lantarkin da ake amfani da shi. Farin ƙwai na sa ruwan madara ya yi kamar toka, ƙwai mai rawaya kuma na sa shuɗi ya koma kore-kore.

Launi mai haske na ƙara wa ɗaki faɗi a ido, yana kuma mayar da haske, abin da ke da amfani ga gidan da ke kwana da ƙaramin ƙwan sola ko fitila mai caji. Fari fat na saurin nuna jar ƙurar gari da sawun hannu, launi mai duhu kuma na nuna farar ƙurar hunturu. Ruwan madara da ruwan ƙasa mai haske da ruwan toka mai haske sun fi haƙuri da duka biyun. Mai son launi mai ƙarfi, kamar ruwan goro ko kore shar, ya ba shi bango ɗaya, sauran ukun su zama masu haske. Silin dai fari ya fi.

Akwai masu zaton launin cikin ɗaki na rage zafi. Tasirinsa a nan kaɗan ne ƙwarai. Zafin ɗaki daga kwanon rufi da bangon da rana ke duka yake shigowa, don haka silin mai kyau, da tagogi masu fuskantar juna, da launi mai haske a wajen gini su ne ke kawo sauƙi.

Lissafin fenti da sayensa

Ana sayar da fentin ruwa galibi a bokiti mai lita 20 da galan mai lita 4. A jikin kowanne akan rubuta faɗin da lita ɗaya ke rufewa. A bango mai santsi, lita ɗaya ta fenti mai kyau kan rufe murabba'in mita 8 zuwa 12 a zagaye ɗaya. Sabuwar filasta da bango mai kaushi sun fi shan fenti.

A ɗauki ɗakin da aka saba ginawa, mai ƙafa 12 ta kowane gefe, wato kimanin mita 3.6, tsayinsa kuma mita 3. Kewayensa mita 14.4 ne. A ninka da 3, ya ba da murabba'in mita 43 da 'yan kai. A cire ƙofa ɗaya da taga ɗaya, kimanin murabba'in mita 3, saura 40. Zagaye biyu ya zama 80. Idan lita ɗaya na rufe 8, ana buƙatar lita 10, wato rabin bokiti. Silin ɗin ɗakin kimanin murabba'in mita 13 ne, galan ɗaya ya ishe shi zagaye biyu. Da wannan lissafi magidanci zai gane idan an faɗa masa adadin da ya wuce hankali, ko kuma wanda ya yi kaɗan har sai an cika shi da ruwa.

A wajen saye, araha ba ta ado. Fenti mai arha da yawa alli ne da ruwa suka fi yawa a cikinsa, sai an yi zagaye uku ko huɗu kafin ya rufe, sannan ya riƙa bin tufafi. Kamfanoni irin su Berger, wanda ke aiki a Najeriya tun 1959, da masu yin Dulux da Meyer da Sandtex, suna da dillalan da suka amince da su, kuma saye a wurinsu ya fi kwanciyar hankali, domin akan samu masu cika tsofaffin bokitan manyan kamfanoni da nasu haɗin. A duba hatimin murfi ko an taɓa buɗe shi, a duba tambarin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, SON, da ranar da aka yi fentin, da lambar rukuninsa. A sayi duk abin da ɗaki ke buƙata lokaci ɗaya daga rukuni ɗaya, a kuma karɓi rasit. Fentin da ya yi wari kamar ruɓaɓɓen abu, ko ya dunƙule bai haɗuwa bayan an juya, ya lalace.

Shirya ɗaki da bango

A fitar da abin da zai fitu, a tara sauran a tsakiyar ɗaki a rufe da leda. A naɗe kafet, a shimfiɗa tsoffin buhuna ko kwali a kan tayil. A kashe wuta daga babban makunni kafin a kwance murfin soket da fanka da fitilun bango. A manna salatif ɗin takarda a gefen tagogi da ƙofofi.

A share silin da bango daga sama zuwa ƙasa, a cire yanar gizo da gidan zanzaro. Idan an ga hanyar gara, a bi ta har tushe a sa magani. A kankare duk fentin da ya saki, a cike ramukan ƙusa da tsaga, a bar su su bushe, a goge da samfefa, sannan a share garin da ɗan jiƙaƙƙen tsumma.

Tabo iri biyu ne ke buƙatar kulawa ta musamman. Na farko shi ne na hayaƙi da maiƙo: kicin da ake girki da gawayi ko itace, da ɗakin da ake yawan turaren wuta. A wanke wurin da ruwan ɗumi da garin sabulu, a ɗauraye, a bar shi ya bushe, sannan a yi masa shimfiɗa da fentin mai. In ba haka ba tabon zai ɓullo ta cikin sabon fentin ruwa ko sau nawa aka shafa. Na biyu shi ne funfuna, baƙin ɗigo-ɗigon da ke fitowa a banɗaki da bayan kabad. A goge da ruwan bilic kashi ɗaya a cikin ruwa kashi uku, taga a buɗe, kada kuma a haɗa bilic da wani sinadarin wanki.

Yadda ake shafawa

Idan bokiti ya fi ɗaya, a haɗa su a babbar roba a juya sosai, don launi ya zo ɗaya. A bi umarnin kamfani wajen ƙara ruwa. Yawanci ba ya wuce kashi ɗaya cikin goma, wato lita 2 a bokiti mai lita 20, in ban da zagayen farko a sabon bango wanda akan ɗan ƙara masa. Yawan ruwa na miƙa fenti a ido, amma yana kashe danƙon da ke riƙe shi.

A fara da silin, sai bango, sai ƙofofi da tagogi, a ƙare da gindin bango. A kowane bango, a fara bin kusurwoyi da gefuna da buroshi, faɗin kamar tafin hannu, sannan a bi da rola tun gefunan ba su bushe ba. Kada a cika rola har tana ɗiga. A riƙa tafiya sama da ƙasa, kowane layi ya ɗan hau kan na bayansa, kuma idan an fara bango a kai shi kusurwa kafin a huta. Wurin da ya fara bushewa, kada a koma masa, zagaye na biyu zai gyara shi.

Zagaye biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Fentin ruwa na son awa 2 zuwa 4 tsakanin zagaye da zagaye, fentin mai kuwa sai ya kwana. A cire salatif tun fentin ƙarshe bai gama ƙanƙamewa ba, a hankali, don kada ya taho da shi.

Lafiyar iyali

Warin fentin mai da na tina na sa ciwon kai da jiri, yana kuma tayar da asma. Jarirai da masu juna biyu da tsofaffi da masu ciwon ƙirji su nisanci ɗakin. A bar tagogi a buɗe, kada a kwana a ɗakin da aka yi wa fentin mai sai bayan kwana biyu ko uku, kuma sai warin ya tafi. Kada a kunna risho ko kaskon turare ko maganin sauro na wuta kusa da tina. Sirka fenti da fetur ganganci ne.

Abu mafi haɗari shi ne gubar dalma. Mutanen wannan yanki ba su manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, lokacin da ɗaruruwan yara suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Waccan gubar daga duwatsun zinare ta fito, amma dalmar da ake sawa a wasu fentin mai ita ce dai, kuma ta fi yawa a launuka masu kaifi kamar rawaya da ja da ruwan lemo. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro a hankali, ba tare da alamar da iyaye za su gani da wuri ba. Amurka ta haramta irin wannan fenti a gidaje tun 1978, kuma ma'aunin da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke kira ga ƙasashe su bi shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan ɗaya. A nemi fentin da aka rubuta ba a sa masa dalma ba. Idan za a kankare tsohon fentin mai, a jiƙa wurin tukuna don kada ya tashi ƙura, mai aikin ya rufe hanci da baki, yara su bar wurin, a kwashe ɓarɓashin a goge ƙasa da ruwa.

Bokitin fenti ya zama ma'auni a kasuwanninmu, ya kuma zama abin ɗiban ruwa a gidaje. Wanda ya taɓa ɗaukar fentin mai ko tina, kada a zuba masa abinci ko ruwan sha.

Jinga da mai fenti

Kafin a ba mutum aiki, a je a ga gidan da ya yi wa fenti shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, domin sabon fenti kowane iri kyau gare shi. A rubuta yarjejeniya ko da a takardar littafi ce, a gaban shaida: ɗakuna nawa, zagaye nawa, ko kankara da cike tsaga da shimfiɗa na cikin jingar, wa zai sayi kaya, wa zai goge tayil da gilashi bayan an gama. Ya fi kyau mai gida ya sayi fentin da kansa, a buɗe shi a gabansa. A ba da kafin alƙalami daidai gwargwado, a riƙe cikon sai an zagaya aikin da hasken rana. A ɗaya ɓangaren kuma, idan mai fenti ya ce bango bai bushe ba, a saurare shi, kada a matsa masa, kuma idan ya gama a biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba.

Ɗan haya ya nemi izinin mai gida kafin ya sauya launi, su kuma daidaita tun farko ko za a cire kuɗin daga haya. Gyaran yoyo da laima ya kamata a yi maganarsa da mai gida kafin fenti, don kada ɗan haya ya kashe kuɗinsa a bangon da zai sake kumbura a watan Agusta.

Bayan an gama

Fenti kan bushe a hannu cikin awoyi, amma sai ya yi mako biyu zuwa huɗu kafin ya yi ƙarfin da zai jure goga. A wannan lokaci kada a wanke shi, kada kuma a manna masa kujera ko katifa. Bayan haka ma a bar ɗan tsakani tsakanin kabad da bango don iska ta ratsa. A hunturu a riƙa kaɗe ƙura da busasshen tsumma mai laushi.

A ajiye ragowar fenti a ƙaramar roba mai murfi, a inuwa, nesa da yara, a rubuta sunan kamfani da lambar launi da ɗakin da aka shafa. Duk shekara kafin ruwan farko, a hau a duba kwanon rufi da indararo, a yashe kwatar da ke bin gindin gini. Bangon da aka tsare daga ruwa, aka shirya shi da kyau, aka kuma shafa masa fenti nagari a lokacin da ya dace, yakan ɗauki shekaru bai nemi komai ba sai goga.